Jagoran Ɗalibi a Alƙahira: Zaman Yau da Kullum da Ziyarar Gari

Kowace shekara ɗalibai daga Kano, Sakkwato, Maiduguri, Damagaram da Maraɗi suna ɗaura niyya su nufi Alƙahira. Wasu Azhar za su, wasu Jami'ar Alƙahira ko Ainu Shams, wasu kuma makarantun kuɗi na likitanci da injiniya. A shekarun da na zauna a birnin na ga iri biyu na ɗalibai da suka riƙa ba ni tausayi. Na farko shi ne wanda zai shekara huɗu bai san ko'ina ba sai hanyar ɗakinsa da ta aji, ya koma gida a tambaye shi yadda kabarin Imamu Shafi'i yake, ya ce bai taɓa zuwa ba. Na biyu shi ne wanda gari ya ɗauke wa hankali, yau yana bakin Nilu, gobe yana Iskandariyya, har sakamako ya fito ya tarar zai maimaita shekara. Kowannensu ya bar rabin abin da ya je nema a can.

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi. Alƙahira kanta makaranta ce ta biyu ga duk wanda ya zauna a cikinta, sai dai ba a shiga wannan makaranta da ka. Takardu ne farko, sai masauki da tukunya, sai harshe da hanya, sannan yawon buɗe ido. A kan wannan jeri na tsara maka jagoran nan, ƙanena, da ke ƙanwata.

Kafin ka rufe jaka

Takardun makarantarka da takardar haihuwa su bi ta ma'aikatar ilimi da ta harkokin waje da ofishin jakadancin Masar a buga musu hatimi tun kana gida. Wanda ya tsallake wannan mataki yakan zauna watanni a Alƙahira yana jiran a aiko masa da takarda ɗaya. Ka duba fasfo ɗinka ya kasance da sauran shekaru a gaba, ka riƙe katin rigakafin cutar shawara domin ana tambayarsa a filin jirgi, ka wanke ƙananan hotuna da yawa, ka yi kwafin kowace takarda, ka kuma ɗauki hotonta a waya.

A gefen jaka ka bar wa kayan miya wuri: kuka, daddawa, yaji da busasshiyar kuɓewa. Ranar da kewar gida ta taso za ka gode wa wanda ya ƙulla maka su. Ka saka rigar sanyi mai kauri da safa. Sai babban gargaɗi: kada ka karɓi saƙon kowa a ƙulle, ko da na ɗan'uwa ne, sai ka kwance ka gani da idonka. Akwai magunguna irin su tiramadol da hukumar Masar ke ɗaure mutum a kansu, kuma uzurin "ban sani ba" ba ya fitar da kowa. In kana shan wani magani kullum, ka tafi da takardar likita.

Iƙama kafin komai

Kalmar da za ka fi ji a bakin ɗalibai a makon farko ita ce iƙama, wato izinin zama. Ana neman ta ne da takardar shaida daga makarantarka, da fasfo, da hotuna, da shaidar inda kake zaune. Babban ofishin fasfo da shige da fice yana unguwar Abbasiyya, inda aka mayar da shi a 2019 daga tsohon ginin Mugamma na dandalin Tahrir. Ƙa'idoji da kuɗin da ake biya suna sauyawa, don haka ka nemi ɗalibin da ya sabunta tasa a cikin watan nan, shi zai faɗa maka abin da ake ciki yau.

Ka yi sammako, ka tafi da biro da kwafin komai fiye da ɗaya. Za ka ji an ce maka "bukra", ma'ana gobe, fiye da sau ɗaya. Kada ka ɗaga murya, ka gaida ma'aikaci da ladabi, ka tambayi ainihin abin da ya rage, ka rubuta, ka dawo. Ka rubuta ranar ƙarewar iƙamarka a bangon ɗaki, ka fara shirin sabuntawa da sauran wata biyu, domin wanda ya bari ta mutu tara ce ke jiransa, wani lokaci har da tsarewa. Kwafin fasfo da na iƙama da katin makaranta, wanda suke kira karne, kada su bar aljihunka. Ka kuma kai sunanka ofishin jakadancin ƙasarku da ƙungiyar ɗalibanku. Ranar da wani abu ya taso, su ne dangin da kake da su.

Wanda zai shiga Azhar ya san cewa yawanci ana fara yi wa baƙo jarrabawar gwajin matsayi a Larabci. In an ajiye ka a matakin da kake ganin ka wuce, ka haƙura ka bi. Sannu ba ta hana zuwa.

Masauki

Ɗalibin da ya samu gurbin tallafi na Azhar yakan zauna a Madinatul Bu'us da ke Abbasiyya, inda ake ba da ɗaki da abinci. Sauran sukan haɗu uku ko biyar su kama gida. Unguwannin da ɗalibai baƙi suka fi yawa su ne Darrasa, kusa da masallacin Azhar, da Madinat Nasar, musamman Hayyul Ashir da Hayyus Sabi'. Darrasa tana kusa da zaurukan malamai amma gidajenta tsofaffi ne kuma a matse. Madinat Nasar ta fi sarari, sai dai za ka riƙa biyan kuɗin mota.

Mutum uku za ka yi hulɗa da su: simsar, wato dillalin gida, da mai gida, da bawwab, wato mai gadin ƙofar bene. Kada ka ba da ko sisi sai ka ga gidan da rana, ka buɗe famfo ka ga ƙarfin ruwa, ka duba mitar wuta ko akwai tsohon bashi. A rubuta yarjejeniya da sunanka, a sa kuɗin haya da kuɗin ajiya da ake kira ta'amin da ranar da za a mayar maka da shi. Bawwab kuwa ka riƙe shi da mutunci, ka gaishe shi safe da yamma, ka ba shi hakkinsa na wata a kan lokaci. Shi ya san mai gyaran famfo, shi zai kira maka mai iskar gas, wanda za ka ji yana yawo yana buga ƙarfe a jikin tukunyar.

Abokin zama ya fi gida muhimmanci. Ku zauna tun daren farko ku yanke wa zai yi girki wace rana, wa zai yi shara, ƙarfe nawa ake kashe hira, baƙo kwana nawa zai yi. Abin da ba a faɗa ba a farko shi ke raba zumunci a ƙarshe.

Tukunya da aljihu

Abincin talakan Masar yana da araha kuma yana riƙe ciki. Da safe ful ne, wato wake da aka dafa ya yi luguf aka zuba masa mai da lemun tsami, da ɗa'amiyya, wadda 'yar'uwar ƙosai ce, a ci da gurasar da suke kira aish baladi. Da rana akwai kushari: shinkafa da taliya da adas, a zuba miyar tumatir da soyayyar albasa. Bahaushe ba ya daɗewa yana baƙunta a kasuwar Masar, domin zai ga abubuwan gida sun sake suna kawai. Mulukiyya lalo ce, bamiya kuɓewa ce, karkade zoɓo ne, tamar hindi tsamiya ce, hilba hulba ce, dom kuwa goruba ce da suke jiƙawa su sha. Ga ruwan rake ana matse shi a gabanka a kowace kusurwa. Da garin samolina ko na shinkafa za ka tuƙa tuwonka, kukar da ka zo da ita ta yi sauran aiki.

Girki a gida shi ne rufin asirin ɗalibi. Ku haɗa kuɗi ku sayi shinkafa da mai da taliya na wata, kayan miya kuma a kasuwar unguwa, ba a babban kanti ba. Da kuɗi sun shigo, ka fara cire na haya, sai na abinci, sai na mota, sai na littattafai, sai ɗan abin da za ka ɓoye don rashin lafiya. Abin da ya saura shi ne na yawo. Darajar fam ɗin Masar, wanda suke kira gine, ta faɗi sosai a watan Maris na 2024, farashi kuma yana motsi, saboda haka kada ka gina lissafinka a kan labarin wanda ya dawo shekara uku da suka wuce. Canji kuma a banki ko shagon canji mai lasisi kaɗai, domin na bayan fage laifi ne a dokar ƙasar.

Harshen titi

Za ka sauka da Larabcin littafi, ka yi wa mai shago magana ya yi murmushi, ya ba ka amsa ka kasa kama ko kalma ɗaya. Kada ka karaya. Mabuɗi biyu ne: Bamisire yana mayar da "j" ta koma "g", ya ce gamil maimakon jamil, yana kuma haɗiye "ƙ", ya ce ahwa maimakon ƙahwa. Ka fara da kalmomin ciniki da na hanya: "bikam" nawa ne, "fen" ina ne, "ayiz" ina so, "mafish" babu, "ma'alesh" yi haƙuri. Direba da mai sana'a "usɗa" ake ce musu, dattijo "ya hag", dattijuwa "ya hagga", malamin jami'a "ya duktur". Kai kuma za ka ji ana kiran ka "ya shek".

Wasu ɗalibai suna ƙin koyon wannan harshe don tsoron kada ya ɓata musu fusha, wato Larabcin littafi. Kuskure ne. Malamai da yawa suna zamewa cikinsa a tsakiyar darasi, kuma da shi za ka yi wa likita bayani. Ka riƙe fusha a aji da takarda, ka riƙe ammiyya, wato harshen titi, a kasuwa.

Hanya

Jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda kowa ke kira metro, shi ne abokin ɗalibi. An buɗe layin farko a 1987, shi ne na farko a Afirka, yana tafiya daga Helwan zuwa Marg. Layi na biyu yana ratsa ƙarƙashin Nilu ya bi ta Jami'ar Alƙahira da Giza. Na uku, wanda aka fara a 2012, shi ke bi ta Abbasiyya. Tashoshin sauya layi da za ka fara haddacewa su ne Sadat a ƙarƙashin Tahrir, Shuhada a Ramsis, Ataba da Nasir. Kuɗin tikiti yana bin yawan tashoshi, kuma kada ka yar da shi, da shi za ka fita. A tsakiyar kowane jirgi akwai tarago na mata zalla. Ƙanwata, ki nemi alamarsa a dandamali ki tsaya a nan. Ƙanena, kada gaggawa ta sa ka faɗa ciki.

Inda metro bai kai ba, ƙaramar bas ce. Ana miƙa kuɗi hannu da hannu har su isa ga direba, canji ya dawo ta haka. In za ka sauka ka ce "ala gamb ya usɗa". Farar tasi tana da mita, ka tabbata an kunna ta kafin a tashi, ko ka kira mota ta manhajar Uber ko Careem inda za ka ga kuɗi tun farko. Tsallaka titi kuwa, a kwanakin farko ka bi gefen 'yan gari ka tsallaka tare da su.

Sanyi, ƙura da lafiya

Daga Disamba zuwa Fabrairu sanyin Alƙahira yana shiga ƙashi, gidajen kuma ba a gina su don riƙe ɗumi ba. A nan ne haɗari mafi girma yake. Na'urar ɗumama ruwa mai aiki da gas, wadda suke kira sakkan, in tana cikin banɗaki a rufe tana fitar da iska mai guba marar wari da ke kashe mutum yana wanka. Ka bar taga a buɗe, ka sa a duba bututunta, kada kuma ka kwana da gawayi ko murhu a kunne a ɗaki. Daga Maris zuwa Mayu iskar hamasin takan taso da ƙura da zafi, mai asma ya yi tanadi. Kada ka yi wanka a magudanan ruwan Nilu na ƙauye saboda tsargiya.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Masar ta rabu da zazzaɓin cizon sauro. Ma'anar wannan a gare ka ita ce likita ba lallai ya kawo shi a ransa ba. In ka dawo daga hutun gida zazzaɓi ya kama ka, ka faɗa masa ƙarara daga inda ka fito, ka nemi a gwada jininka.

Raba lokaci

Shekarar karatu zango biyu ce, jarrabawa a wajen Janairu da kuma Mayu zuwa Yuni. Ka sayi littattafan manhaja, waɗanda ake kira muƙarrar, da zarar sun fito, ka riƙa bin su kullum ko da shafi biyar ne. Bayan aji akwai zaurukan masallacin Azhar, inda malamai ke karantar da littattafai daga bango zuwa bango kyauta, irin karatun zaure na gida. Ka zaɓi darasi biyu ka lazimce su, ya fi ka yi ta tsalle tsakanin goma. A bayan masallacin, a lungun Darbul Atrak, shagunan littattafai ne jere. Tsofaffin littattafai masu araha suna Azbakiyya kusa da Ataba. Baje kolin littattafai na Alƙahira, wanda aka fara a 1969, yana zuwa a ƙarshen Janairu, daidai hutun tsakiyar shekara, ka tara masa kuɗi tun da wuri.

Ga ƙa'idar da nake ba kowa: fita ɗaya a cikin gari duk mako biyu, tafiya ɗaya mai nisa a kowane hutu, babu fita ko ɗaya in jarrabawa ta rage wata guda. Safiyar Juma'a ita ce lokacin da titunan birnin suka fi zama fayau.

Yadda ake ziyara

Kafin ka je wuri, ka karanta tarihinsa ko da shafi ɗaya ne, in ba haka ba duwatsu kawai za ka gani. Ku tafi ku biyu ko uku, da ruwa da takalmi mai daɗin tafiya da ɗan littafin rubutu. Katin ɗalibi yakan rage rabin kuɗin shiga wuraren tarihi, wurare da yawa kuma yanzu da katin banki ake biya. Masallatan da ake salla a cikinsu kullum irin su Azhar da Husaini ba a biyan kuɗi, sai ɗan ihsani ga mai tsaron takalma. Kada ka ɗauki hoton 'yan sanda ko soja ko ginin gwamnati, kada ka ɗauki hoton mutum sai da izininsa.

Zagaye na farko: daga Azhar zuwa titin Mu'izzu

Ka fara da inda kake. Jauhar Siƙilli, kwamandan Faɗimiyyawa, ya kafa Alƙahira a 969, ya fara gina Azhar a 970, aka yi sallar Juma'a ta farko a cikinsa a 972. Idan ka tsaya a farfajiyarsa ka tuna cewa ba kai ne farkon zuwa daga ƙasashenmu ba. A cikin ruwaƙan masallacin, wato ɓangarorin da aka ware wa ɗalibai baƙi a da, akwai na Barnawa. Tun a tsakiyar ƙarni na 13 mutanen Kanem suka ba da dukiya aka gina makarantar Ibn Rashiƙ a Fusɗaɗ don masu zuwa daga ƙasarsu. Mansa Musa na Mali ya ya da zango a birnin a 1324 a hanyarsa ta hajji. Tafsirin Jalalaini da ake karantawa a masallatanmu duk azumi, malaman Alƙahira biyu ne suka rubuta shi, Mahalli da Suyuɗi, kuma Suyuɗin nan, wanda ya rasu a 1505, ya aika wa Sarkin Katsina Ibrahim da Sarkin Agadas wasiƙar nasiha. Muhtasar na Halil ma a nan aka wallafa shi. A lungun bayan Azhar za ka samu masallacin Shehu Dardir, mai Aƙrabul Masalik, wanda ya rasu a 1786.

Daga nan ka nufi ƙofar Babul Futuh ka gangaro titin Mu'izzu da ƙafa, tafiyar kimanin kilomita ɗaya. Za ka wuce masallacin Hakim, da ɗan ƙaramin masallacin Aƙmar na 1125, da ginin Sarki Ƙalawun na 1285 wanda ya haɗa makaranta da asibiti da kabari. Ka tsaya a nan ka yi tunani a kan mutanen da suka gina asibitin kyauta fiye da shekara 700 da suka wuce. Kasuwar Khan Halili tana gefen hagu, in za ka yi ciniki ka taya ƙasa sosai, ka kuma yarda ka tafi in bai yi ba. Ka ƙare a Babu Zuwaila, ƙofar da aka gina a 1092, inda aka rataye Ɗuman Bai, sarkin Mamaluka na ƙarshe, a 1517. Ka hau hasumiyar da ke kanta ka ga tsohon birni a shimfiɗe.

Zagaye na biyu: daga Ibn Ɗulun zuwa Imamu Shafi'i

Masallacin Ahmad Ibn Ɗulun, wanda aka gama a 879, yana da faɗi da shiru, ga hasumiya mai matakala a waje tana naɗe da ita. Wuri ne mai kyau na yin bita. Ka bi titin Saliba zuwa masallacin Sulɗan Hasan, wanda aka fara a 1356. A kusurwoyinsa huɗu akwai makarantu huɗu na mazhabobi huɗu, ka nemi ta Malikiyya. A samansa Ƙal'a take, ganuwar da Salahuddin Ayyubi ya fara a 1176, da masallacin Muhammad Ali a ƙololuwarta. In gari ya yi garau, daga can ana hango dalar Giza. Sai ka hau mota zuwa Ƙarafa, inda ƙubbar Imamu Shafi'i take. Ya rasu a 820, aka gina ƙubbar a 1211. Unguwa ce da rayayyu ke zaune tare da kaburbura, ka shiga da rana, da natsuwa.

Zagaye na uku: Fusɗaɗ

Ka sauka a tashar Mar Girgis ta layin farko. A 'yar tafiya kaɗan za ka ga ragowar ganuwar Rumawa, da tsofaffin coci-cocin Kibɗawa, da majami'ar Yahudawa ta Ben Ezra, da masallacin Amru Ibnul As, wanda aka kafa a wajen 642, masallaci na farko a Masar. Ka shiga wuraren ibadar wasu da ladabin da kake so a shiga naka. Kusa da nan gidan tarihin wayewar Masar yake, inda aka kai gawarwakin sarakunan da 22 a watan Afrilu na 2021. A tsibirin Rauda kuma akwai ma'aunin Nilu na 861, rijiya mai ginshiƙi a tsakiya da ake auna cikar kogi da ita. In ruwa ya kai kamu 16, an san shekarar za ta yi albarka.

Zagaye na huɗu: Giza da wajen gari

Dalar Giza, waɗanda Misirawa ke kira Ahram, ka je musu da sassafe kafin rana ta buɗe. Babbar, ta Fir'auna Khufu, ta kai kimanin shekara 4,500, tsayinta na asali wajen mita 146. Masu raƙuma da dawaki za su kewaye ka. In za ka hau, ku gama magana kafin ka ɗora ƙafa: nawa ne, har ina, da dawowa. In ba ka so, "la, shukran" ta isa, ka ci gaba da tafiya.

Iskandariyya tafiyar kimanin awa uku ce a jirgin ƙasa daga tashar Ramsis. A can akwai ganuwar Ƙayitbai a bakin teku, da sabon ɗakin karatu da aka buɗe a 2002, da kabarin Busiri mai Burda. Luksor da Aswan kuwa ka bar su sai hutun sanyi, domin zafinsu na bazara ba ya barin mutum ya ga komai.

Zama da mutane

Misirawa mutane ne masu son hira da barkwanci, da yawansu kuma suna girmama ɗalibin ilmi. A watan azumi za ka ga tebura jere a titi ana kiran duk mai wucewa ya zo buɗa-baki, ana ce musu ma'idatur Rahman. Amma ba zan ɓoye maka ba, za ka gamu da wanda zai jefe ka da "ya samara" ko wata kalma a kan launin fatarka. Abin yana da ciwo, na sani. Kada ka biye masa a titi, kada kuma ka ɗora laifin mutum ɗaya a kan al'umma. In abin ya kai ga taɓa jiki ko dukiya, ka sanar da shugabannin ɗalibai da ofishin jakadanci. Siyasar ƙasar ka bar wa 'yan ƙasa, a baki da a Facebook, in ka ga taro ka sauya hanya. Kada ka tsare kanka a cikin 'yan garinku kaɗai. A aji ɗaya za ka zauna da ɗan Indunusiya da ɗan Senegal da ɗan Malesiya, kuma wannan zumunci yana cikin ribar tafiya. Ka kuma sa wa iyayenka rana a mako da za su ji muryarka.

Ƙanena, kuɗin da aka tara aka tura ka da su, wani gona ya sayar, wata adashinta ta kwashe. Hakkinsu ne ka dawo da shaidar da ka je nema, hakkin kanka ne kuma ka dawo da ido da ya ga duniya. Ka gyara takardunka, ka riƙe muƙarrar ɗinka, ranar Juma'a kuma ka ɗaura takalmi ka je ka ga inda magabata suka zauna. Idan ka dawo, ka zaunar da na bayanka ka nuna masa hanya kamar yadda aka nuna maka. Allah Ya ba da ilmi mai amfani, Ya dawo da ku gida lafiya.